Aji Mai Ɗaliba Ɗaya

Ranar da Injiniya ya cire 'yarsa daga makaranta, da kansa ya shigo da farin allo sabo fil, ya kafa shi a bangon falo. Ya sayo ƙaramin tebur da kujera guda. Da ya gama bugun ƙusa sai ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya ce wa matarsa, "To, ga makaranta. Ba ashar, ba ƙwarƙwata, ba wani malami da zai ƙara ɗaga wa 'yata bulala."

Matar ta ce, "Allah ya sa albarka."

Yarinyar shekararta takwas. A dangi Rediyo ake kiranta. Gwaggonta ce ta laƙaba mata sunan, saboda tun da ta iya magana bakinta bai san hutu ba. In ta taso daga makaranta, tun daga matakala ake jin labari ya fara: wa ya faɗi a filin wasa, wa aka kama yana barci a aji, wace ce ta zo da sabon takalmi ya matse ta. Uwar tana yankan albasa tana cewa "to" da "ikon Allah", wani lokacin har ta ce, "Ke don Allah ki numfasa, labarin ba gudu zai yi ba."

A faɗi gaskiya, dalilin Injiniya ba ƙarya ba ne. Ajinsu cike yake maƙil, wasu a ƙasa suke zama. Ta taɓa dawowa da shatin bulala a ƙauri kan laifin da ba nata ba. Abin da ya ƙarasa shi kuwa wata kalma ce da ta kwaso, ba ta ma san ma'anarta ba, ta sake ta a gaban baƙinsa ana cin abinci. Washegari bai bar ta ta sa kayan makaranta ba.

Da farko murna ta yi. Ba sammako, ba tsayuwar layi a rana, ga Abba da kansa yana koya mata. Kanta kuma yana ja, abin da aka faɗa sau ɗaya ya zauna. Wani yammaci ya ɗauke ta a waya tana jero manyan biranen duniya ba gargada, ya saka a shafinsa na sada zumunta. Nan da nan yabo ya yi ta shigowa. "Ka ga tarbiyya!" "Injiniya, don Allah a koya mana." Daga ranar ya daina son sunan Rediyo. Ya ce sunan 'yan surutu ne, shi Farfesa zai riƙa ce mata.

Tsarin ya zama haka: da safe kafin ya tafi ma'aikatar ruwa zai cika allo da aiki. Uwar ce mai tsaron aji, don haka ma ya sa ta ajiye aikinta na kantin magani. Da yamma ya dawo ya karɓi hadda, in ta yi kyau a ɗauki bidiyo. Doka ɗaya ce ya yi ta nanatawa har ta zauna a kunnen kowa: ba sauka ƙasa.

Gidan haya ne, bene mai iyalai da yawa, su suna can sama. A ƙasa akwai tsakar gida ta siminti da famfo da igiyoyin shanya, inda yaran gidan suke taruwa in an taso daga makaranta. Daga barandarsu ana ganin komai ta tsakanin ƙarafa. A cikin yaran akwai 'yar mai ɗinki ta hawan ƙasa, wadda ake ce wa Wushirya. Benci ɗaya suke zama a aji.

Ba a daɗe ba Wushirya ta hauro ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Mama, ina wuni. Rediyo tana nan? An ce ba ta da lafiya."

Uwar ta tare bakin ƙofa da jikinta. "Lafiyarta ƙalau. Karatu take."

"In jira ta gama?"

"Ba yanzu za ta gama ba. Ki gaida mamanki."

Yarinyar tana zaune a kujerarta da fensir a hannu, tana jin komai. Ta leƙa ta ƙarƙashin hannun uwarta, siket ɗin makaranta kawai ta gani yana juyawa. Da aka rufe ƙofa ta ce, "Umma, ai na gama."

"Ki sake dubawa."

"Na duba."

"To ki bari Abbanki ya dawo ki tambaye shi. Ni kada ki ja mini."

Da ya dawo ta tambaye shi. Ya ɗora ta a kan cinyarsa, ya shafa kanta. "Farfesa, me za ki koya a wurin waɗannan? Ke da kike raba lissafi da ka? Su fa sunansu ma da ƙyar suke rubutawa. Ki gama wannan littafin tukuna, sai mu duba."

Ta gama littafin. Ya kawo wani.

Yaro ba ya rasa dabara. Ta samo ƙullin zaren saƙa a akwatin uwarta, ta ɗaura wa gwangwanin madara. In uwar ta shiga kicin da rana, sai ta lallaɓa baranda ta zura shi ƙasa. Wushirya ta saka mata abin da ta samu: murfin kwalba, guntun alli, rabin alewa. Ta ɗaga kai ta yi mata raɗa da ƙarfi, irin raɗar yara da kowa yake ji: an canja malamin lissafi, wance ta yi amai a layi, an ba wata wurin zamanta. Yarinyar ta manna fuska a ƙarfe tana tambaya, "Sai kuma me? Sai kuma me?" har shatin ƙarfen ya fito mata a kumatu.

Uwar ta sani. Ta ga zaren, ta kau da kai.

Wata rana Injiniya ya dawo da wuri, yana shigowa tsakar gida ya tarar da gwangwani yana reto daidai goshinsa. Ya kama shi, ya leƙa ciki, ya ɗaga kai. Bai yi faɗa ba. Injiniya ba mai faɗa ba ne, yana ma alfahari da cewa bai taɓa ɗaga wa 'yarsa hannu ba. Ya tsinke zaren a hankali, ya hau sama, ya ci abinci. Da hutun ƙarshen mako ya zo, sai ga mai walda da kwanon rufi, aka toshe ƙarafan barandar tun daga ƙasa har sama. Maƙwabta suka tambaya, ya ce sauro ne ya dame su, ga feshin ruwan sama.

Falon ya yi duhu. Ko da rana tsaka sai an kunna fitila. Muryoyin yara suna shigowa har yanzu, amma a dushe, kamar daga cikin rijiya.

A wannan halin Gwaggo ta zo. Ita ce yayar Injiniya, mai shagon yadi a kasuwa, mace mai jiki da murya. Da can in ta shigo, yarinyar tsalle take yi ta ɗafe ta tun kafin ta cire takalmi. Yau tana tsaye a gefen teburinta, hannu a baya.

"Barka da zuwa, Gwaggo. Ina fatan kin zo lafiya."

Gwaggo ta tsaya da jaka a hannu. "Wannan kuma mai karanta labarai ce aka kawo muku? Rediyona, batir ne ya ƙare? Zo nan mana."

Yarinyar ta dubi ubanta. Sai da ya gyaɗa kai sannan ta matso.

Bayan an sha ruwa, Gwaggo ta dubi kwanon da ya rufe baranda, ta dubi ƙanenta. "Kai, wannan gida ne ko sito?"

"Yaya, ke ba ki gane ba ne. Ba hana ta mutane na yi ba, zaɓa mata na yi. Ga ni, ga uwarta, ga littattafai. Duba nan ki ga masu kallonta." Ya miƙa mata waya.

Ta ture wayar da bayan hannu. "A cikin masu kallon nan akwai wanda ya taɓa ƙwace mata alewa? Akwai wanda suka yi faɗa da safe suka shirya da yamma? A cikin yara yaro yake koyon zama da mutane. Kai a ina ka koya? Ba ni ce nake tsamo ka daga kwata kullum ba?"

"Shi ya sa nake so tata ta fi tawa."

"Ni ban ce ka mayar da ita waccan makarantar ba. Maƙwabciyata ma a gida take koyar da nata, kuma sun fi na makaranta ƙoƙari. Amma da la'asar ta yi sai ta kora su waje. Har na maƙwabta take tarawa su yi karatu tare, su yi rigima, ta raba su. Ka koyar da ita a gida, ba wanda ya hana ka. Ƙofa kawai na ce ka buɗe mata."

"Rabin aiki ke nan, Yaya. In gina ta da safe, yaran ƙasa su rushe da yamma?"

Gwaggo ta tashi ta bi matar kicin. "Ke ma haka kika gani?"

Matar ta ci gaba da ɗauraye kofi, ba ta ɗago ba. "Yaya, ai shi ya yi bincike a kan abin. Kuma ba dukanta yake ba, ba yunwa take ji ba. Kowa yaba ta yake."

"Ban tambaye ki kowa ba."

Matar ta ƙara buɗe famfo.

Hantsi shi ne mafi tsawo a gidan. Yarinyar takan gama aikin allo tun da wuri, sannan ba sauran abin yi sai jiran yamma. Sai ta fara kwaso cokula daga kicin, ta jera su a kan tebur. Kowane cokali da sunan wani ɗan ajinsu. Tana yi musu murya ɗaya bayan ɗaya, a hankali: wannan ya ture wannan, wannan ta kai ƙara, babban cokalin miya ya zo ya raba faɗa. Ƙaramin cokalin shayi shi ne Wushirya, shi take ajiyewa kusa da hannunta.

Uwar ta gani daga ƙofar ɗaki, ta san ba lafiya ba. Amma da ta zo faɗa wa mijinta, sai ta mayar da shi abin dariya, don ta haka kaɗai ta iya faɗa. Shi kuwa idonsa ya yi haske. Ranar hutu ya laɓe bayan labule ya ɗauka, ya saka a shafinsa, ya rubuta cewa yaron da aka tsare daga shirmen waje, ƙwaƙwalwarsa ce abokiyar wasansa. Da yamma ya kira yarinyar cikin fara'a ya nuna mata. Ta ga kanta tana yi wa cokali raɗa. A ƙasan bidiyon ga alamun fuskokin dariya a jere, ba iyaka.

Ba ta ƙara taɓa cokulan ba sai in za ta ci abinci.

In'inar a hankali ta shigo. Tana cikin hadda sai kalma ta maƙale, leɓenta yana rawa, harafin farko yana ta maimaituwa. Injiniya ya sauke waya. "Natsu, Farfesa. Sake." Ta sake. Ta maƙale a wani wurin. "Sake." Ya koyi yanke bidiyo, yana cire inda ta tsaya yana haɗa sauran. Masu kallo ba su san cewa ɗan gajeren abin da suke yabawa yakan cinye yammaci guda ba, ko cewa da an kashe waya yarinyar takan zauna ta yi zuru tana kallon bango har a kira ta cin abinci.

Ranar kitso uwar ta tsefe mata kai, ta tarar da wani wuri a saman kunne, fayau, ba gashi ko ɗaya. Ta kira mijinta. Ya leƙa ya ce, "Makero ne. A sayo man shafawa." Ita da ta yi shekaru a kantin magani ta san makero in ta gan shi, kuma ta san wannan ba shi ba ne. Ta sha ganin hannun yarinyar yana hawa kai lokacin karatu, yana murɗawa, yana tsigewa, ita kanta ba ta san tana yi ba. Amma ta sayo man, ta shafa. Daga nan aka riƙa ɗaukar bidiyo da ɗankwali. Masu kallo suka ce kai, ga ilimi ga kamun kai.

Sai fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana 'yar ƙarama. Da safe uwar takan naɗe zanin gado da sauri kafin ya fito daga wanka. Ba ta iya kai shi igiyar ƙasa, kada a tambaya, sai ta shanya a barandar da aka toshe, inda rana ba ta shiga. Zannuwan ba sa bushewa sosai. Wari ya kama gidan, ta yi ta fesa turare.

Wata safiya tana zuba masa shayi ta yi ƙarfin hali.

"Injiniya, yarinyar nan fa ta canja."

"Girma ne. Natsuwa ce ta zo mata. Da kina ƙorafin surutu, yanzu kina ƙorafin shiru. Ba a iya miki."

"Ko sau ɗaya a mako ne ta ɗan sauka. Ni zan tsaya a kanta."

Ya ajiye kofi. "Kin san iyaye nawa suke koyi da gidan nan? An gayyace ni in yi magana a taron iyaye. In wani ya ɗauki 'yata tana birgima a tsakar gida da 'ya'yan mutane, me zan ce musu? In ce duk abin da na faɗa wasa ne?"

Ya ɗauki makullin mota, ya tsaya a gaban allo ya ƙara aiki layi biyu, ya fita.

Gwaggo ce ta matsa aka je asibiti, bayan ta zo ta cire ɗankwalin da hannunta ta gani. Injiniya ya ce shi ma zai je, kada a faɗa wa likita abin da ba haka ba. Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta duba ido, ta duba harshe, ta duba kai. Sannan ta jawo kujerarta kusa da yarinyar.

"'Yan mata, wace ce ƙawarki?"

Yarinyar ta dubi ubanta.

"A gida take karatu," in ji shi. "Muna da tsari na musamman. Wataƙila ma kin taɓa ganinta a..."

"Ita na tambaya, yallaɓai." Ta juya. "Da wa kike wasa?"

Bakin yarinyar ya buɗe, leɓen ya yi rawa, ba abin da ya fito. Hannunta ya tafi kai. Uwar ta kamo shi ta riƙe a cinyarta.

Likitar ta nemi ya ɗan ba su wuri. Ya yi murmushi ya ce ai shi da 'yarsa ba sa ɓoye wa juna komai. Sai ta faɗa a gabansa: jikinta lafiya lau, ba makero ba ne, ba ciwon mara ba ne. Damuwa ce. Yarinya tana bukatar sa'o'inta, kullum, ba sai an ga dama ba. Ta ce su dawo ta haɗa su da mai duba irin wannan.

A mota ya yi tsaki. "Duk makarantar da nake guje mata ce ta haifi likitocin nan. Abin da aka ɗura musu shi suke amayarwa." Ya tsaya a hanya ya sayi maganin ƙarin jini. Ba a koma ba.

Shekara ta kusa zagayowa lokacin da Gwaggo ta zo da shirinta. Ta zauna a tsakiyar falo, ta cire mayafi ta ninke, ta ce ba inda za ta sai yarinyar nan ta taka tsakar gida. In kuwa ya ƙi, za ta tara dangi kaf a kansa, ta kuma shiga shafin nasa ta rubuta abin da ke ƙarƙashin ɗankwalin. Ya dube ta ya ga da gaske take.

"Shi ke nan, Yaya. Ta sauka. Ku gani da idonku."

La'asar ce, yara sun cika ƙasa. Gwaggo ta riƙo hannunta suka sauko, uwar tana biye, Injiniya ya tsaya a tsakiyar matakala ya harɗe hannu. Hasken rana ya doki yarinyar, ta runtse ido, ta ƙanƙame yatsun Gwaggo.

'Yan mata suna tsallen igiya kusa da famfo. Wushirya ta ƙara tsawo, tana riƙe da bakin igiya ɗaya, wata yarinya da ba a san ta ba a da tana rataye da kafaɗarta. Wasan ya tsaya.

"Kai, Farfesa ce! Ta cikin waya!"

Suka kewaye ta. Wani yaro ya ce, "Farfesa, ina cokulanki?" Aka kwashe da dariya.

Wushirya ta ture shi. "Dalla can. Rediyo, zo ki riƙe mana." Ta danƙa mata bakin igiyar.

Gwaggo ta zare hannunta a hankali ta ja baya. Yarinyar ta riƙe igiyar da hannu biyu. Aka fara waƙa, sabuwa ce, ba ta san ta ba. Hannunta ya ƙi bin na ɗaya ɓangaren, igiyar ta yi sanyi, ta harɗe ƙafar mai tsalle. Mai tsallen ta faɗi a kan gwiwa, ta tashi a fusace.

"Ke makauniya ce? Ba ki iya kaɗa igiya ba?"

Abu ne da ake yi kullum a tsakar gidan nan. A faɗi, a yi tsiwa, a ce yi haƙuri ko a rama, a ci gaba. Rediyon da aka sani da tuni ta mayar da amsa uku kafin a rufe baki. Wannan kuwa ta tsaya ƙiƙam. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri.

"Ki... ki... ki..."

Wani ƙaramin yaro ya kwaikwaya, "Ki-ki-ki!" Wasu suka ɗauka. Wushirya tana cewa, "Ku bari mana, ku bari!"

Yarinyar ta saki igiyar. Ba ta yi kuka ba. Ta juya ta nufi matakala da tafiya, sannan da gudu, ta wuce ta gefen ubanta ba ta dube shi ba. Daga ƙasa aka ji ƙarar ƙofa, aka ji an zura sakata.

Kafin Gwaggo ta kai sama da haki, yaran sun manta. Wadda ta faɗi ta karkaɗe gwiwa, Wushirya tana ɗaga kai tana kira, "Ki dawo mana, ai ba komai! Ke ce ta gaba!" Amma ba ta inda za a leƙo.

Gwaggo ta yi ta bugun ƙofa. "Buɗe, uwata. Ni ce. Ba wanda zai taɓa ki." Uwar ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da mayafi. Sai da Injiniya ya hauro a natse, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya ce, "Farfesa, buɗe," sannan sakatar ta motsa.

Ya juyo ya dubi yayarsa. Ba fushi a fuskarsa, har da ɗan tausayi.

"Kin gani, Yaya? Ni na hana ta? Ga ƙofa an buɗe, da ƙafarta ta dawo. Kin kuma ji abin da suka yi mata. Wannan ita ce cuɗanyar da kuke ta kira mini?"

Gwaggo ta dube shi ta daɗe. Ta shiga ta durƙusa a gaban yarinyar, ta ce ta zo su tafi gidanta ko na mako guda ne. Yarinyar ta girgiza kai da sauri, ta ja baya har ta jingina da bango.

Irin wannan zalunci ba shi da inda ake kai ƙararsa. Ba tabo a jiki, ba kukan da maƙwabta za su ji su taso. Yarinya tana ci tana ƙoshi, kayanta a goge, ta san abin da manya ba su sani ba. Wanda ya yi mata haka yana sonta, ko a gaban wa zai rantse, kuma ba ƙarya zai yi ba. Uwar da ta ga komai tun daga farko tana da amsarta: ita mace ce, me za ta yi. Dangi suka ce 'yarsa ce, ya fi kowa sanin abin da ya dace da ita. Kowa ya samu inda ya raɓe, aka bar yarinya ita kaɗai a ɗaki da fitila a kunne da rana tsaka. Karatu a gida bai yi mata komai ba. An raba ta da mutane ne har ta manta yadda ake zama da su, sannan aka nuna mantuwar aka ce ga shaida.

Injiniya ya je taron iyayen, ya yi magana, aka tafa masa. Ya ba da labarin ranar da aka matsa masa ya saki 'yarsa cikin yaran unguwa, da yadda ta gudo gida da kanta. Mata suka yi ta girgiza kai suna cewa Allah sarki.

Da ya dawo, a bakin matakala wani maƙwabcinsa ya tare shi, direban motar haya mai 'yan mata biyu ƙanana. Suna nan a bayansa suna rigima a kan ƙwallo, ƙafafunsu duk ƙasa, ƙaramar tana dariya har da shaƙewa.

"Injiniya, dama ina nemanka. Nawan nan sun ishe ni, wallahi, yawo da rashin ji. Taka kuwa ko motsinta ba a ji. Ni ma so nake in yi irin naka. Ta ina ake farawa?"

Injiniya ya dubi yaran, ya dafa kafaɗar mutumin.

"Abu ne mai sauƙi," ya ce. "Ka fara hana su saukowa. Da farko za su yi kuka. Ka daure, za su daina."